Tambayarka kan Majalisar Dattawa

Ɗana, na ga saƙonka bayan sallar isha'i, na yi murmushi, daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai. Wai me ya sa ake cewa Majalisar Dattawa alhali ka ga sanata a talabijin ko furfura ɗaya babu a kansa? Kuma wanne ne daidai, dattawa ko dattijai?

Duka biyun jam'in dattijo ne, ka faɗi wanda ya zo bakinka. Masu fassara ma ba su yi kuskure ba, domin kalmar da Turawa ke amfani da ita, wato Senate, daga tsohuwar Rum ta fito, tushenta kuma "tsoho" yake nufi.

Ka tuna mini da daminar 1979, lokacin zaɓen sanatoci. Jihohi 19 ne a lokacin, kowacce sanata 5. Muna zaune a zaure da kakanka, Allah Ya jiƙansa, rediyo na gefen tabarma, sai ya ji an ce gobe za a zaɓi dattawa. Ya ajiye goron da ke hannunsa ya ce, "Dattijo ake zaɓe? Ai dattijo ganinsa ake yi."

A makon nan aka yi rikicin iyakar gona a unguwarmu, aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Wani saurayi ya miƙe ya nuna kakanka da yatsa, ya gaya masa maganar da har yau ba na iya maimaitawa. Jinina ya tafasa, na yunƙura, sai kakanka ya dafa gwiwata da hannu ɗaya. Bai ɗaga murya ba. Ya bari yaron ya gama, ya sa aka kawo masa ruwa a ƙwarya, sannan ya faɗi inda tsohuwar tsamiyar iyaka take, wadda aka sare tun ba a haifi yaron ba. Aka je aka tona, ga kututturen. Da muka dawo gida na tambaye shi dalilin shirunsa, ya ce, "Babba juji ne, kowa ya kwaso shara kansa zai zuba."

Yanzu sanatocin Najeriya su 109 ne, uku daga kowace jiha cikin 36, ɗaya daga Abuja, kuma mai shekara 35 zai iya tsayawa. Su ke tantance ministoci da jakadu. Shekarun ba su dame ni ba, na san mai arba'in da ya fi mai saba'in dattako. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in ga ana hayaniya a zauren nan, ana nuna wa juna yatsa, ku kuma kuna yaɗa bidiyon a waya kuna dariya.

In ka zo hutu zan kai ka gonar, in nuna maka wurin kututturen. Ka gaida mahaifiyarka.