Amsa ga Yaya kan hoton Lisbon

Yaya, saƙonka ya iso, kuma ya taɓa ni. Ka ce an turo maka hoton 'yarka cikin jar rigar Arsenal a tsakiyar Turawa, kana tambaya ko Hausancin ya ƙare ne a gidana.

Ba guduwa ta yi ba, ni na kai ta. Ranar Asabar ce, 24 ga Mayu 2025, a filin José Alvalade na Lisbon, wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai ta mata. Kowa ya gama ba Barcelona kofin, don ita ta ɗauka a 2023 da 2024, ga su Aitana Bonmatí da Alexia Putellas. Arsenal kuwa rabonta da shi tun 2007. Aka yi ta fafatawa babu ci har minti na 74, sai Beth Mead ta Arsenal ta zura wa abokiyar wasanta Stina Blackstenius ƙwallo, ita kuma ta jefa a raga. Ɗaya da nema aka tashi. Yarinyar nan ta damƙe hannuna tana hawaye, da Hausa take cewa, "Baba, mun ci!"

Ka sake duba hoton da kyau. Hijabinta na kanta, rigar mai dogon hannu ce a ciki. Haka take fita atisaye duk mako tare da 'yan Somaliya da Bangaladash na unguwarmu, kuma tun 2014 dokar ƙwallo ta yarda mace ta buga da kai a rufe. Asisat Oshoala, 'yar Legas, Musulma, ita ce 'yar Afirka ta farko da ta ɗauki wannan kofi, a 2021 tare da Barcelona. Hotonta ne a bangon ɗakin 'yarka.

Na san inda maganar ta dosa: aure. Tun da ɗan maƙwabcinmu ya auri Baturiya kuke ganin duk 'ya'yanmu sun salwanta. Matar nan ta musulunta, da azumi tare muke buɗa baki, kunun gyaɗarta ma har an san shi. Ban ce babu waɗanda suka ɓace mana ba, akwai, kuma yana ci mana rai. Amma ba filin ƙwallo ne ya ɗauke su ba.

A gidana har yau ban iya kiran sunan 'yar fari. Yara na durƙusawa su gaida manya, ranar Lahadi suna Islamiyya, tuwo da miyar kuka ba su yanke ba ko da kukar sai an aiko daga Kano. Abin da ke min ciwo shi ne, a nan ana ce mana baƙi, mu zo gida a ce mana Turawa.

Ka tuna ƙanwarmu, Allah ya jiƙanta, yadda take tsare mana gida a lungu da ƙwallon tsumma, ba mai iya cin ta? Tana shekara tara aka ce ta girma, ta koma leƙe ta ƙofar zaure. Ita na tuna a Lisbon da aka ɗaga kofin.

'Yarka na gaishe ka. In Allah ya kai mu hutu muna tafe, ka zaunar da ita ka yi mata tambayar da bakinka.