Wane ne Fadan nan mai carbi, kuma shin waliyyi ne?

Tambaya: A bangon ɗakin kakata akwai tsohon hoton wani Fada Bature riƙe da carbi, a ƙasa an rubuta cewa iyalin da ke addu'a tare ba ya rabuwa. Ita dai ta ce waliyyi ne. Wane ne shi, kuma haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan kalma taken Fada Patrick Peyton ce, don haka kusan tabbas shi ne a hoton. Amma ki lallaɓa ki gaya wa Kaka bai kai waliyyi ba tukuna. A watan Disamba na 2017 Paparoma Francis ya amince cewa ya yi rayuwar nagarta ta musamman, wato ya cancanci girmamawa. Saura matakai biyu, a ayyana shi mai albarka sannan waliyyi, kuma kowanne sai Fadar Batikan ta tabbatar da wata mu'ujiza.

An haife shi a 1909 a gundumar Mayo da ke yammacin Ailan, shi ne na shida cikin 'ya'ya tara a gidan manomi talaka. Duk dare mahaifinsu yakan tara su, a durƙusa a ja carbin Rosari. Ki riƙe wannan, domin duk abin da ya yi daga baya ƙoƙari ne na kai wannan al'ada cikin kowane gida.

A 1928 shi da wansa Tom suka tafi Amurka ci-rani. Ya fara da shara da kula da babban cocin garin Scranton, daga nan su biyun suka shiga ƙungiyar limaman Katolika ta Gicciye Mai Tsarki. Yana tsakiyar karatun zama Fada, a 1938, tarin fuka ya kwantar da shi kusan shekara guda. Ya roƙi Maryamu ta yi masa addu'a, ya tashi, likitoci suna mamaki. Shi a wurinsa bashi ne ya hau kansa. Aka naɗa shi Fada a 1941, shekara na zagayowa ya kafa hidimar Rosarin Iyali a birnin Albany na jihar New York.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne rashin jin kunyar rediyo. Ranar 13 ga Mayu 1945 ya samu fili a wata babbar tasha, ya shawo kan mawaƙi Bing Crosby ya fito. A 1947 ya buɗe kamfanin shirye-shirye a Hollywood, manyan 'yan wasa suna zuwa yi masa wasan kwaikwayo. Kalmar da ke jikin hoton ma wani marubucin talla ne, Al Scalpone, ya tsara ta. Sai kuma gangamin addu'ar Rosari, tun daga Kanada a 1948, har ya kai ga taron Manila, babban birnin Filipin, na 1985 da aka ƙiyasta mutum miliyan 2.

Akwai inda ƙura ta taɓa rigarsa, kuma ban ga amfanin ɓoyewa ba. A farkon shekarun 1960 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta zuba kuɗi a gangaminsa na Kudancin Amurka, musamman Brazil, don daƙile kwaminisanci, ta hanyar attajiri J. Peter Grace. Sai da Batikan ta ce a daina. A ganina ba son duniya ya kai shi ba, zumuɗin cika fili ne ya hana shi duba hannun da ke ba shi, amma kuskure ne.

Ya rasu ranar 3 ga Yuni 1992 a California, kabarinsa na Easton a jihar Massachusetts. Kaka tana iya barin hotonta a bango, ta ma roƙi addu'arsa a ɗakinta. Abin da ba a yarda ba tukuna shi ne a ware masa ranar idi ko a sa wa coci sunansa.