Amsa ga Yarona Kan Rikicin Aisi Tsakanin Amurka da Sin

Ɗana, ka tambaye ni abu biyu a haɗe. Ka ce tunda kusan duk kayan da muke aiki da su daga ƙasar Sin ake kawo su, yaya ake cewa Amurka ta hana Sin aisi, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki (IC) da ke tafiyar da aikin waya, sannan idan rigimar da ake yi a kan tsibirin Taiwan ta kai ga yaƙi, ko sana'armu ta gyaran waya za ta tsaya. Na ga ya fi dacewa in ba ka amsar a rubuce, domin a shago hayaniyar masu kawo waya da masu karɓa ba ta barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Ka fara da fanel ɗin da ke gabanka, wato allon cikin waya da ake dasa aisi a kansa. Ɗauki na Tecno ko Infinix, ka ɗaga murfin ƙarfen da ya rufe manyan aisi, ka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, ka karanta rubutun da ke bayan kowanne. A mafi yawansu za ka tarar babban aisin, wanda muke kira ƙwaƙwalwar waya, yana ɗauke da lamba mai farawa da MT, kuma aisin wutar da ke gefensa, irin su MT6357 da kake yawan cirewa, shi ma haka. Wannan alamar MediaTek ce, kamfanin Taiwan da ke birnin Hsinchu. Aisin ma'ajiya kuwa sau da yawa na Samsung ne ko SK hynix na Koriya ta Kudu, ko na Micron na Amurka. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, shi ne ya tattaro su ya haɗa wayar. Saboda haka idan dillali ya ce maka kaya daga Sin yake, ya yi gaskiya ta fuskar inda aka haɗa shi da inda aka yi lodinsa, amma ba lallai a can aka ƙera abin da ke cikinsa ba.

MediaTek ɗin ma ba shi da masana'antar da yake ƙera aisi. Aikinsa zane ne, kamar marubucin da ya gama littafi ya kai maɗaba'a, kuma babbar maɗaba'ar duniya a wannan fanni ita ce TSMC, wadda Morris Chang ya kafa a Taiwan a shekarar 1987 bisa dabarar cewa ba za ta yi kayan kanta ta yi gogayya da masu kawo mata aiki ba. A wurinta Apple da Nvidia da Qualcomm da AMD suke buga nasu. Fiye da rabin aisin da ake ƙerawa bisa kwangila a duniya daga hannunta yake fitowa, kuma idan aka zo ga mafi inganci, kasonta ya kai kusan kashi 90 cikin 100. Wannan ne ya sa tsibirin da mashigin ruwa mai faɗin kilomita ɗari da 'yan kai ya raba shi da Sin, wanda gwamnatin Beijing take ɗauka yankinta ne tun rabuwar 1949, ya zama abin da manyan ƙasashe ba sa ɗauke ido daga kansa.

Sai dai ita ma TSMC ba da kanta take tsaye ba, kuma a nan ne amsar tambayarka ta farko take. Ana ƙera aisi ne a kan faifan silikon mai faɗin milimita 300, ana haska zanen hanyoyin wuta a kansa, a wanke, a ɗora wani rufi, a sake haskawa, hawa bisa hawa, har aikin faifai ɗaya yakan ɗauki wata uku ko fiye. Sirantar layin da za a iya zanawa ta dogara ne da irin hasken. Mafi sirantar aiki yana buƙatar haske mai tsawon zango nanomita 13.5 (nanomita ma'aunin tsawo ne ƙanƙani ƙwarai da ido ba ya gani), kuma kamfani ɗaya ne tak a duniya yake ƙera injin da ke samar da shi, wato ASML da ke garin Veldhoven a ƙasar Holan. A cikin injin ana sakin ɗigon narkakken kuza, sau 50,000 a kowace daƙiƙa, ana harbin kowane ɗigo da hasken leza har ya fashe ya ba da wannan haske. Kuzan nan shi ne ƙarfen da ke cikin dalmar da kake narkarwa kullum. Hasken ba ya ratsa gilashi, iska ma shanye shi take yi, don haka a wurin da aka zuƙe iska ake bi da shi ta kan madubai na kamfanin Zeiss na Jamus. Inji ɗaya ya haura dala miliyan 150. Tun 2019 gwamnatin Holan, bisa matsin lambar Amurka, ba ta ba da izinin sayar wa Sin wannan inji ba, kuma har yau ko ɗaya bai shiga can ba. Ka ƙara da cewa manhajojin zana aisi mafi yawansu na kamfanonin Amurka ne, sinadaran da ake shafa wa faifan galibi daga Japan suke, tsarin ƙwaƙwalwar kusan kowace waya kuma na kamfanin Arm ne da ke Cambridge a Ingila. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi yana iya tsayar da aikin wanda ya fi shi kuɗi da yawan ma'aikata.

Ka ga misalin haka da idonka a wayoyin Huawei. A watan Mayun 2019 Amurka ta sa kamfanin cikin jerin waɗanda ba a yi musu ciniki sai da izini, shi ya sa sababbin wayoyinsa tun daga Mate 30 suke zuwa babu manhajojin Google. Idan mai irin wannan waya ya kawo maka yana cewa ta lalace, ka gaya masa ba lalacewa ba ce, kuma kada ka karɓi kuɗinsa da alkawarin dabarar da za ta daina aiki bayan 'yan makonni. A 2020 aka ƙara tsaurara dokar, ta yadda duk masana'antar da ke amfani da injunan Amurka ba za ta ƙera wa Huawei ba, sai TSMC ta daina buga masa ƙwaƙwalwarsa ta Kirin daga tsakiyar Satumba. A ranar 7 ga Oktoban 2022 aka faɗaɗa takunkumin ya shafi Sin baki ɗaya a kan aisi mafi ƙarfi da injunan yin su, bisa hujjar cewa da su ake gina makamai da basirar na'ura, wato AI.

Sin ba ta naɗe hannu ba. A watan Agustan 2023 Huawei ya fito da Mate 60 Pro ɗauke da ƙwaƙwalwa mai nanomita 7 (iya ƙanƙantar wannan lamba, iya ci gaban fasahar) da kamfanin SMIC na cikin gida ya ƙera da tsofaffin injuna, ta hanyar haska rufi ɗaya sau da yawa, aikin da ke da tsada kuma yake yawan fitar da lalatattu, amma dai ya yiwu. A wannan wata ne kuma ta fara taƙaita fitar da galiyam da jamaniyam, ma'adinan da ita ce ke samar da mafi yawansu a duniya. Ƙananan cajojin nan masu saurin caji da ake rubuta wa GaN, galiyam ne a cikinsu.

Yanzu ga abin da ya shafi teburinmu, kuma shi ne na fi so ka riƙe. Rigimar da ake yayatawa a labarai a kan aisi masu nanomita 3 da 5 take, mu kuwa ba ma sayen waɗannan a warware. Babu mai sayar maka da sabuwar ƙwaƙwalwar iPhone a leda, kuma ko ka samu ba za ta yi aiki ita kaɗai ba, domin a wayoyin zamani an ɗaure ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da mabuɗin sirri, sai dai a ɗauke su tare zuwa wani fanel. Abin da muke canzawa kullum shi ne aisin caji da na wuta da na sauti da na hasken sikirin, da 'yan ƙananan dayod da taransista. Waɗannan da tsohuwar fasaha ake yin su, mai nanomita 28 zuwa sama, wadda takunkumin bai hana Sin ba, kuma tana ta gina masana'antunta a kai. A ganina irin waɗannan kaya ba za su ɓace daga kasuwar Huaqiangbei ta Shenzhen ba, inda dillalanmu na Kano da Legas suke saro su.

Amma kada ka ɗauka ƙananan sun tsira gaba ɗaya. A ƙarshen Satumban 2025 gwamnatin Holan ta karɓe ikon sa ido a kan kamfanin Nexperia, wanda yake a ƙasarta amma mallakar Wingtech na Sin ne, sai Sin ta hana fitar da kayan da ake kammalawa a masana'antarsa ta Dongguan. Kayan nan dayod ne da taransista masu arha, amma cikin 'yan makonni masu ƙera motoci a Turai da Japan suka shiga fargabar tsayar da aiki. Haka a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya rufe masana'antun iskar niyon a Mariupol da Odesa, waɗanda suke samar da kusan rabin wadda ake amfani da ita wajen ƙera aisi. Wurin da na fi jin tsoro a yanzu shi ne ma'ajiya, domin kamfanoni uku da na ambata, Samsung da SK hynix da Micron, sun riƙe fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wadda waya take aiki da ita, wato RAM, kuma sun karkata ga yi wa cibiyoyin basirar na'ura kaya, abin da ya ɗaga farashinta sosai a ƙarshen 2025. Idan sabuwar waya ta yi tsada, mai tsohuwa gyara yake kawowa.

Game da Taiwan, ba yaƙi kaɗai ne haɗarin ba. Killace tsibirin da jiragen ruwa, irin atisayen da Sin ta yi a Agustan 2022 bayan ziyarar da Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka ta lokacin, ta kai tsibirin, ya isa ya tsayar da kaya idan ya daɗe. Amurka ta ware dala biliyan 52 da ɗoriya a dokar 2022 don jawo masana'antu gida, TSMC ta buɗe reshe a Arizona da Kumamoto ta Japan, tana kuma gina wani a Dresden ta Jamus, amma mafi sabon aikinta har yanzu a Taiwan yake farawa, kuma masana'anta ɗaya tana ɗaukar shekaru kafin ta tsaya da ƙafarta. Idan abin ya faru, masu sayar da sababbin wayoyi ne za su fara ji a jikinsu. Mu aiki zai ƙaru mana, kayan aikin ne za su yi wuya.

Abu ɗaya da ba na so in ji daga bakinka shi ne ɗora wa Amurka da Sin laifin kowane ƙarin kuɗi a gaban mai waya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma mafi yawan tsadar sikirin da batir da muka gani daga nan ta fito. Faɗa wa mutum gaskiyar dalilin.

Dangane da aiki kuwa, daga yau kada ka sake zubar da mataccen fanel ko ka sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin shayi. Ka rubuta sunan wayar da abin da ya kashe ta a jikin leda, ka ware na ruwa daban da na faɗuwa, domin aisin da ruwa bai taɓa shi ba, ya fi wanda za ka saya a kasuwa tabbas. Ka dage da koyon sake dasa ƙwallayen dalma a ƙarƙashin aisi har hannunka ya daina rawa, ka kuma san zafin da kowane iri yake jurewa kafin ka kusantar da bulowa. A lokacin ƙarancin kaya, kamar yadda aka gani a 2021, jabu ne yake cika kasuwa: ana ciro tsohon aisi, a goge bayansa, a buga masa sabuwar lamba, a sa shi a leda kamar sabo. Kafin ka dasa wanda ka saya, ka shafa bayansa da auduga mai sinadarin wanke fanel ka ga ko baƙin fenti zai fita, ka duba gefunansa a madubi ko akwai alamar gogewa, ka kwatanta rubutunsa da na wanda ka cire, sannan bayan dasawa ka auna layukan wutar da mita kafin ka haɗa batir.