Baƙin allo da kiɗa a farkon tsofaffin finafinai

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ji saƙonka. Ka ce ka sauko da Lawrence of Arabia, ka kunna, allo baƙi ƙirin sai kiɗa kawai ke tashi, har kana shirin gogewa. Kar ka goge, fim ɗinka lafiya lau yake. Ka ba shi kamar minti huɗu, hoto zai fito. Kiɗan share fage ne, Maurice Jarre ya tsara shi a 1962, kuma da gangan aka bar allon haka.

Abin ya samo asali daga wasan opera na Turai, wato wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa, tun shekarun 1600, inda makaɗa ke fara ɗumama waje kafin a yaye labule. Zamanin finafinai marasa sauti, manyan gidajen sinima na da nasu makaɗan suna yin haka. A 1926 ma, da kamfanin Warner ya fara nuna Don Juan a New York, sai da aka fara haska makaɗan birnin suna buga share fagen wasan opera na Wagner mai suna Tannhäuser, sautin na fitowa daga faifai.

Amma lokacin da abin ya yi tashe sosai shi ne shekarun 1950 zuwa 1960, sa'adda talabijin ta janye wa sinima 'yan kallo a Amurka. Sai aka mayar da zuwa kallon babban fim kamar zuwa biki. Ka sayi tikiti tun da wuri mai lambar kujera, kuɗin ya fi na kullum, galibi sau biyu kacal ake nunawa a rana, ga hutu a tsakiya irin na finafinan Indiya.

To ga yadda ake yi a lokacin, ku saurara da kyau. Kiɗan yana jikin fim ɗin ne, a farkon naɗi na ɗaya, sai dai wurin babu hoto. In fim mai faɗin milimita 70 ne, sautin na kan layukan maganaɗisu, hanya shida, biyar a bayan allo, ɗaya ta kewaye ɗaki. Mai inji zai tayar da fim amma ya bar murfin fitila a rufe. Labule na rufe, fitilun ɗaki a kunne, mutane na neman kujerunsu. In kiɗa ya kusa ƙarewa ya rage haske sannu a hankali, ya buɗe murfi, tambarin kamfani ya faɗa kan labule daidai lokacin da yake yayewa. Kamfani kan haɗo takardar umarni kan wannan. In ya yi garaje mutane su ga allo tsirara, wanda babban abin kunya ne a sana'ar. In ya makara, farkon fim ya tafi a kan lanƙwasar labule.

Ka ga ke nan baƙin da kake gani a wayarka, su 'yan kallo a sinima labule suke gani. Shi ya sa wasu faifan DVD ke rubuta "Overture", wato kiɗan share fage, a allo, don kar mutum ya zaci inji ya lalace. Kiɗan share fagen fim ɗin Ben-Hur na 1959 ma ya fi na Lawrence tsawo, ya kai minti shida.

Me ya kashe kiɗan share fage? Kuɗi ne. Ƙarshen shekarun 1960 manyan finafinai masu tsada suka yi ta faɗuwa, aka koma gini ɗaya mai ɗakuna da yawa, a nuna fim sau huɗu ko biyar a rana, gurbin kiɗan kuma talla ta cinye shi. A 1979 finafinan Star Trek da The Black Hole na cikin na ƙarshe-ƙarshe da suka zo da shi. Darakta Tarantino ya farfaɗo da shi a The Hateful Eight a 2015, da kiɗan Ennio Morricone.

Af, kar a haɗa shi da kiɗan da ke tafiya da sunayen 'yan wasa, wannan daban ne, daga baya yake zuwa. Kuma Malam, don Allah kar ka tsallake. Muryoyin kiɗan da za ka yi ta ji cikin fim ɗin a nan ake fara gabatar da su, ka sa abin kunne ka ji gangunan farkon nan.