Tambaya da Amsa: Zan sauka a babban otal da jariri ɗan wata uku, ina zan kwantar da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana zai halarci taro na kwana biyar a wani babban birni, an kama masa ɗaki a otal mai tauraro biyar, ya ce mu tafi tare. Ɗana watansa uku da 'yan kwanaki, shi ne na fari. Nono yake sha, sai madarar gwangwani sau ɗaya da dare. Tun da aka sa ranar tafiya hankalina bai kwanta ba, tsorona sanyin na'urar sanyaya ɗaki, kar ya kamu da limoniya. Otal ɗin sun ce suna ba da gadon jariri "in akwai". Yayata ta ce in rabu da su, gadon otal ya fi kowane gado laushi da tsabta, in kwantar da shi a tsakiyarmu, in tare shi da filo ta kowane gefe, in lulluɓe shi da bargon nan mai kauri. Wata ƙawata kuma ta ce in sayi maganin mura na ruwa in riƙa ba shi ya yi barci, kar kukansa ya dami na ɗakin kusa. Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya shi, ya kai ku lafiya. 'Yar'uwa, ki yi tafiyarki, jariri mai lafiya ɗan wata uku yana iya kwana biyar a otal ba abin da zai same shi. Sai dai abin da kike tsoro ƙarami ne, abin da aka ba ki a matsayin kariya shi ne ya tayar mini da hankali.

Bari in sallami maganar sanyi tukuna. Limoniya ƙwayoyin cuta ke kawo ta, daga tari da atishawa da hannun mutane take zuwa. Inda ɗanki zai iya ɗaukarta a otal shi ne cikin lif da ya cika, da zauren cin abinci, da hannun masu cewa "kawo shi in gani". Ki rage shiga cunkoso da shi, duk mai son ɗaukarsa ya wanke hannu, mai mura kuma ya gaishe shi daga nesa. Na'urar sanyi ki daidaita ta yadda ke kanki za ki ji daɗi da riga marar nauyi, ki ƙara masa riga ɗaya a kan yawan naki, kuma kar iskar ta riƙa bugunsa kai tsaye. Shi ke nan maganar.

Yanzu ga wadda ta kawo ni. Kusan kullum sai na yi wannan gardama a ɗakin duba yara: mutane sun ɗauka laushi da ɗumi su ne lafiyar jariri. Yayarki ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, ban zarge ta ba. Amma shimfiɗar da ta zana miki, katifa mai lotsawa, filo ta kowane gefe, bargo mai kauri, manya biyu da gajiyar hanya a jikinsu, ta haɗa kusan duk abin da muka sani yana jawo mutuwar fuju'ar jarirai cikin barci. Kuma ɗanki yana tsakiyar lokacin da haɗarin ya fi yawa, wato tsakanin wata biyu zuwa huɗu. Kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan mutuwa kafin wata shida suke faruwa.

Ki dubi jikinsa. Kansa yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. Idan fuskarsa ta nutse cikin abu mai laushi, ba shi da ƙarfin ɗaga kai ya juya. Ba sai hancin ya toshe gaba ɗaya ba. Lotsawar katifa ko filo tana yin ɗan rami a gaban fuskarsa, iskar da ya fitar ta taru a nan, ya riƙa maimaita shaƙarta, iskar da jininsa ke buƙata tana raguwa sannu a hankali. Babba zai farka ya gyara kwanciya. Wasu jarirai ba sa farkawa, kuma ba mu da gwajin da zai nuna mana wane ne cikinsu tun da wuri. Abin da ya fi ciwo shi ne ba kuka, ba shure-shure. Uwa tana kwance kamu ɗaya daga ɗanta ba ta ji komai ba. Na zauna da irin waɗannan iyaye, kalmar da suke maimaitawa ɗaya ce: "Ai lafiya lau na kwantar da shi."

To me ya sa na fi jin tsoron babban otal a kan ƙaramin masauki? Domin abin da ake biyan kuɗi a kansa shi ne laushi. Katifa mai tsayi, a ɗora mata wata shimfiɗa mai taushi a sama, filo huɗu ko shida, bargo cike da gashin tsuntsu ko auduga, ga allon kan gado da yakan bar rata tsakaninsa da katifa inda jariri zai iya zamewa ya maƙale. An ƙera wannan gado don bayan babba mai kilo 70. Ba wanda ya yi tunanin hancin mai kilo 6 lokacin da ake haɗa shi. Taurarin da ke jikin allon otal na hidima ne da ƙawa, ba likitan yara ne ya ba su ba.

Wannan magana ba daga kaina na ƙago ta ba. Ingila ta fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1991, Amurka ta bi a 1994, kuma a ƙasashen biyu mutuwar fuju'ar jarirai ta ragu da fiye da rabi. Ba allura, ba magani, sauya kwanciya kawai. Duk da haka har yanzu jarirai kusan 3,500 ke mutuwa cikin barci duk shekara a Amurka, shi ya sa Ƙungiyar Likitocin Yara ta ƙasar ta sake jaddada ƙa'idar a 2022: rigingine, kan shimfiɗa mai tauri marar gangara, gado fayau ba komai a ciki, a ɗaki ɗaya da iyaye amma kowa da makwancinsa. A shekarar ce kuma aka sa hannu kan dokar da ta haramta sayar da matasan nan da ake zagaye cikin gadon jariri da su, da gadaje masu gangara. Kafin nan, a 2019, an janye kusan guda miliyan 4.7 na wani gadon lilo mai gangara na kamfanin Fisher-Price bayan rahotannin mutuwar jarirai a cikinsa. Kaya ne na babban kamfani, iyaye sun saya da yarda. Tsada da suna ba su hana komai ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu tallar "gidan barcin jariri" a Facebook da Instagram, wannan abu mai kama da sheƙar tsuntsu da gefe masu kumburi, da filon gyara kai, da matashin hana juyawa. Su ɗauki hoton jariri cikin tarin auduga, su rubuta cewa likitoci sun amince. Waɗanne likitoci? Su kawo sunan guda ɗaya. Su kansu otal-otal ɗin ba su tsira ba. Na taɓa sauka a wani, na nemi gadon jariri, aka kawo shi an ƙawata da ƙaramin filo da bargo da 'yar tsana da matashi zagaye. Da na ce a kwashe, ma'aikaciyar ta ce haka tsarinsu yake, sai ta tambayi shugabanta. Ban jira shugaban ba, na kwashe da hannuna. Ke ma ki yi haka. Ba kya buƙatar izinin kowa.

Na san abin da za a ce miki: in ya kwanta rigingine zai ƙware da tumbuɗi. Akasin haka ne. Idan yana rigingine, hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, duk abin da ya taso sai ya koma inda ya fito. Rub da ciki ne ke sa tumbuɗi ya taru a bakin hanyar iska. Kwanciyar gefe ma ba mafita ba ce, daga gefe ake mirginawa a kife. Kuma jaririn da ya saba rigingine, ranar da aka kifa shi a baƙon wuri haɗarinsa ya fi na kullum. Tafiya takan rushe sabo, nan ne ake yin kuskuren da ba a yi a gida.

Bargon kuma laifinsa biyu ne: yana iya hawa fuska, yana kuma tara zafi, zafi fiye da kima kuwa yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin. Wata ƙungiya a Ingila mai suna Lullaby Trust, wadda aikinta ke nan, tana ba da shawarar ɗaki ya kasance tsakanin digiri 16 zuwa 20. Ban ce sai kin kai can ba, na kawo miki ne don ki ga sanyin da kike gudu bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Kar ki auna shi da tafin hannu ko ƙafa, waɗannan kullum da ɗan sanyinsu. Ki taɓa ƙirji ko ƙeya. In da gumi, ki rage kaya. Ba hula a cikin ɗaki lokacin barci, ta kai yake fitar da zafi. In kina son lulluɓi, ki sayi rigar barci irin mai kama da buhu, mai wuya da hannu daidai jikinsa.

Maganin mura kuwa, kul. Ki gaya wa ƙawarki na ce kul. Masu sa barcin nan suna danne numfashi, suna kuma kashe farkawar nan da ita kaɗai ce ke ceton jariri in iska ta yi masa ƙaranci. Promethazine, wanda aka fi sani da Phenergan, an hana ba yaro ƙasa da shekara biyu shi saboda ya kashe yara ta wannan hanya. Duk mai sayar da magani da ya miƙa miki kwalba don jariri ya yi shiru, ya ci amanar sana'arsa. Kukan jariri a otal ba laifi ba ne. Na ɗakin kusa su ma an haife su, in sun damu su nemi canjin ɗaki.

Ga abin da za ki yi. Wannan "in akwai" da suka ce kar ki yarda da ita. Ki sa a rubuta muku ta imel cewa an ware gadon, ki sake kira ana gobe tafiya. In kuna da hali ku tafi da naku mai naɗewa, ya fi kwanciyar hankali. Idan aka kawo nasu, ki girgiza shi ki ji ko yana rawa. Ki danna katifar da tafin hannu, in ta bar shaida ta yi laushi. Tsakanin katifa da jikin gado kar ya wuce yatsu biyu, tsakanin sanduna kar ya wuce santimita 6. Wanda gefensa ke zamewa ƙasa ki mayar musu, Amurka ta hana sayar da irinsa tun 2011. Kar ki ƙara tawul ko bargo a ƙasa don kin ji ya yi tauri, taurin ake nema. Zanen gado ɗaya mai kama katifa tsam ya isa. Ki jawo shi kusa da gefenki, nesa da igiyar labule da wayar fitila. Idan komai ya ƙi, aljihun tebur da aka zare aka ajiye a ƙasa, da shimfiɗa siririya mai tauri, ya fi wancan gadon alfarma aminci na dare ɗaya.

Sauran ƙananan abubuwa a gurguje. Madararsa ki haɗa da ruwan da aka tafasa bai huce ƙasa da digiri 70 ba, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, domin garin madara yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ko ruwan gora ne ki tafasa. Butar lantarkin ɗaki ki wanke, ki tafasa ruwa sau ɗaya ki zubar. Ƙaramin firjin ɗakin otal sau da yawa sanyinsa bai isa ajiye madara ba, don haka ki haɗa sabuwa duk lokacin sha, abin da ya wuce awa biyu ki zubar. Ruwan zafin famfon otal yana ƙuna sosai, in za ki yi masa wanka ki fara zuba na sanyi, ki gwada da gwiwar hannu. Ki riƙe katin rigakafinsa, ki tambayi asibitin yara mafi kusa tun ranar da kuka sauka. Zazzaɓi digiri 38, ko numfashi 50 zuwa sama a minti ɗaya, ko haƙarƙari na shiga ciki, ko ƙin kama nono, asibiti nan take, kar ki jira gari ya waye.

Na bar ɗaya don ita ce ke kama iyaye masu kula irinki. Ƙarfe uku na dare, kin gaji, ya farka, kin ce bari in zauna kan kujerar kushin ɗin nan ta gefen taga in shayar da shi don kar barci ya ɗauke ni a gado. Kar ki yi. Barci da jariri a kan kujera ya ninka haɗarin sau da dama fiye da gado, domin yana zamewa ya maƙale tsakanin jikinki da hannun kujera. In kina jin barci, gara ki shayar a kan gadon, bayan kin jefar da duk filon da bargon can nesa, kuma da sharaɗin ba wanda ke shan taba ko ya sha maganin da ke sa barci a cikinku. Haka kujerarsa ta mota, da kun iso ki ciro shi, haɓarsa na faɗawa kan ƙirji ta matse hanyar iska. Ki ba maigidanki aiki guda a wannan tafiya: duk lokacin da kika ɗauki yaron da dare ya tashi zaune, in ya ga barci ya sace ki, ya ɗauke shi ya mayar gadonsa rigingine. Yayarki kuma ki nuna mata wannan amsa ta karanta da kanta, don akwai wasu jariran da za su biyo ta hannunta.