Yaushe bincike ke zama "case study"?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a jami'a. Na raba wa 'yan kasuwar garinmu takardun tambayoyi 200, na sa "case study" a taken aikina, sai malamin da ke duba ni ya soke shi. Ina kuskuren yake? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malaminki yana da gaskiya, kuma ɗalibai da yawa na faɗawa wannan rami, don sun ɗauka ma'anar kalmar ita ce "garin da na yi bincike". Ma'anarta ita ce a ɗauki abu guda, mutum ko makaranta ko kamfani ko wani lamari da ya faru, a bi shi ciki da waje har a gane yadda aka yi ya zama haka da kuma dalili.

Misalin da ake yawan kawowa shi ne na Phineas Gage, ma'aikacin layin dogo a Amurka, wanda a 1848 sandar ƙarfe ta huda masa kai ta fita, ya rayu, amma halinsa ya sauya. Likitansa ya rubuta abin da ya gani filla-filla. Mutum ɗaya ne tak, duk da haka ya buɗe ƙofar fahimtar alaƙar gaban ƙwaƙwalwa da ɗabi'a.

Abin da kika yi jin ra'ayin jama'a ne: yana da faɗi, ba shi da zurfi. In kina son riƙe kalmar, ki zaɓi ƙungiyar 'yan kasuwa ɗaya, ki shata mata iyaka, ki ce daga wace shekara zuwa wace. Sannan kada ki dogara da kafa ɗaya. Ki yi hira da shugabanni da mambobi, ki karanta littafin kuɗi da bayanan taronsu, ki zauna cikinsu ki ga yadda suke aiki. Inda maganar shugaba ta saɓa wa abin da ke rubuce, nan ne ya kamata ki tsaya ki tona, don a nan amsar take ɓuya.

Kada kuma ki ce abin da kika gano a ƙungiya ɗaya haka yake a duk Zamfara. A nan masu jarrabawa ke kama ɗalibi. In lokaci ya ƙure, cire kalmar daga taken ya fi sauƙi, takardunki 200 su tsaya a matsayin binciken ra'ayi.