Tambaya da Amsa: Modem na Cikin Kwamfuta Ya Ƙi Bayyana a Linux

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi laftof ta hannu, ThinkPad T470, kuma abin da ya ja ra'ayina gare ta shi ne ramin saka sim da ke jikinta, domin na gaji da jona kwamfuta da wayata kullum batir yana ƙarewa. Na cire Windows na ɗora Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, na saka layina, amma ban ga komai ba sai Wi-Fi. Wani abokina ya ce direba ne babu, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'ura, na shafe kwana uku ina sauke abubuwa daga intanet, har yau shiru. Ina mafita? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da sauke direbobi tukuna, domin Linux ba kamar Windows ba ne a wannan fanni: direbobin irin wannan modem, wato cdc_mbim da qmi_wwan da qcserial, suna zuwa ne a cikin kanel, zuciyar manhajar, kuma da wuya a ce rashinsu ne matsalarka. Abin da ya kamata ka gano shi ne a wane mataki modem ɗin ya ɓace, domin maganin kowane mataki daban ne.

Abu na farko, wanda ya fi kowanne tsayar da mutane, shi ne cewa ramin sim ba shi ne modem ba, wato katin da ke haɗa kwamfuta da sabis na waya. Kamfanoni kan ƙera kwamfutoci da ramin sim, wani lokaci har da wayoyin eriya a shimfiɗe, amma su bar gurbin katin modem babu komai sai ga wanda ya biya ƙarin kuɗi, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su aka kawo mana a haka suke. Buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lsusb, sannan ka rubuta lspci -nn, umarni biyu da ke jera na'urorin da ke jone da kwamfutar, ka karanta sunayen da suka fito a hankali. Idan akwai modem za ka ga sunan Sierra Wireless, mai lambar 1199, ko Quectel, mai lambar 2c7c, ko Huawei, mai 12d1, ko Fibocom. Katin da aka saba samu a T470 shi ne Sierra EM7455, kuma yana bayyana a lsusb duk da cewa a cikin kwamfutar yake, saboda gurbin M.2 da yake zaune a kai ta hanyar USB yake magana da shi.

Idan bai fito a ko ɗaya ba, sake kunna kwamfutar ka danna F1 ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar kafin Linux ya tashi, ka duba ƙarƙashin Security, a sashen I/O Port Access, ko an kashe Wireless WAN, wato modem ɗin, domin ofisoshi da yawa suna kashe shi da gangan. Idan a kunne yake, to sai a kwance murfin ƙasa. Ka fara kashe batirin ciki daga BIOS, ka cire caja, sannan ka duba kusa da katin Wi-Fi: ko dai ka ga wani kati mai ɗan tsawo da siraran wayoyi biyu maƙale a kansa, ko ka ga gurbi wayam da wayoyin a kwance an rufe kawunansu da roba. In na biyun ka tarar, babu umarnin da zai haifar da modem, sai dai ka sayi kati. A nan ma akwai tarko, domin BIOS na ThinkPad yana da jerin katunan da ya yarda da su, kuma idan aka sa masa baƙo yakan ƙi tashi gaba ɗaya ya nuna kuskure mai lamba 1802. Saboda haka EM7455 da aka yi wa Lenovo za ka nema, mai lambar 1199:9079, ba wanda aka ciro daga Dell ba, ko da kuwa a ido kamar tagwaye suke.

To, a ce ya fito a lsusb. Sai ka rubuta rfkill list ka ga ko an toshe shi, idan an toshe ka buɗe da rfkill unblock wwan. Daga nan ka rubuta mmcli -L, wanda yake tambayar ModemManager, manhajar da ke kula da modem, abin da take gani. Idan ta ce ba ta sami modem ba, tabbatar da cewa tana aiki ta hanyar systemctl status ModemManager, ka kuma duba ko akwai fayil mai suna /dev/cdc-wdm0, wanda shi ne ƙofar da ake bi a yi wa modem ɗin magana. Rashin wannan fayil ne kaɗai zai sa in fara zargin direba, kuma ko a lokacin sudo dmesg zan fara karantawa in ga abin da kanel ya ce lokacin da ya ci karo da katin.

Amma idan katin yana nan, zatona ya fi karkata ga abin da ake kira kullen FCC. FCC hukuma ce ta Amurka mai kula da harkar sadarwa, kuma domin cika ƙa'idojinta wasu kamfanoni suna kulle rediyon modem ta yadda ba zai tashi ba sai manhajar kwamfutar ta aika masa da wani saƙo na musamman. A Windows direban kamfanin ne ke aika saƙon ba tare da ka sani ba. A da ModemManager ma tana aikawa da kanta, amma daga fitowa ta 1.18.4 masu ita suka daina, suka bar wa mai kwamfuta ya kunna da hannunsa, kuma Ubuntu 22.04 da fitowar da ta biyo bayan wannan canji ya zo. Alamarsa ita ce mmcli yana ganin modem ɗin, amma duk lokacin da aka yi ƙoƙarin kunna shi sai ya ƙi fita daga yanayin ƙarancin wuta. Gyaran ba shi da wuya: sanya manhajar libqmi-utils, sannan ka rubuta sudo ln -sft /etc/ModemManager/fcc-unlock.d /usr/share/ModemManager/fcc-unlock.available.d/1199:9079, ka sake kunna kwamfutar. Lambar ƙarshen dole ta dace da wadda lsusb ya nuna maka.

Masu T480 da ke karanta wannan shafi su lura cewa nasu sau da yawa Fibocom L850-GL ne, wanda ke bayyana a lspci da lambar 8086:7360, kuma ya daɗe yana wahalar da masu Linux saboda ta hanyar PCI da yake jone ba ya bin MBIM, ƙa'idar da Linux ya saba magana da irin waɗannan modem da ita. Wannan gyara ba nasu ba ne.

Idan modem ya tashi amma bai kama sabis ba, sa sim ɗin a waya ka cire masa lambar sirri, wato PIN, ka tabbatar layin yana da data kuma an haɗa shi da NIN, sannan ka sa APN daidai, wato adireshin shiga intanet na kamfanin layinka, wanda na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net. Ka kuma sani cewa wasu katunan da aka yi wa kasuwar Amurka, kamar EM7355, ba su da zangunan 4G (band) na 3 da 7 da 20 da ake amfani da su a Najeriya. EM7455 yana da su duka ukun.

Tambaya: Muna da tsohuwar kwamfutar tebur a ofis mai modem na layin tarho a ciki, wanda muke aika faks da shi a Windows XP. Da muka koma Debian, wani nau'in Linux, wvdialconf, manhajar da ke neman modem na tarho, ya ce bai ga modem ba. Daga wata ma'aikaciya a Maraɗi.

Amsa: Malama, kusan tabbas naku irin wanda ake kira Winmodem ne. Domin rage farashi, tun ƙarshen shekarun 1990 aka riƙa ƙera katunan da aka cire musu sassan da ke sarrafa sauti da umarni, aka ɗora aikin a kan direban Windows, shi ya sa Linux yake ganin katin a lspci amma ba ya ba shi ƙofa irin /dev/ttyS0 da wvdialconf ke nema. Duba lambar kamfanin a lspci -nn: 11c1 na Lucent ko Agere ne, 14f1 na Conexant, 134d na PCTel. An taɓa samun direbobinsu, kamar ltmodem da slmodem da na kamfanin Linuxant, wanda na kyautarsa aka taƙaita gudunsa a 14.4k, amma an rubuta su ne domin kanel na zamanin 2.4 da 2.6, kuma ban ba ki shawarar ɓata lokaci a kansu a Debian na yau ba.

Ki nemi modem na waje mai cikakken kayan aiki, ko dai mai jonuwa ta tsohuwar kafar siriyal, ko na USB irin USRobotics 5637, wanda Linux ke gani nan take a matsayin /dev/ttyACM0. Ki sa sunanki a rukunin dialout domin samun izinin amfani da ƙofar, ki buɗe minicom, manhajar yin magana da modem kai tsaye, ki rubuta AT ki danna Enter. Idan ya amsa da OK, sai ki sanya manhajar faks irin efax ko HylaFAX ki ci gaba da aika takardunki.